Bagawad Gita da Tambayoyin Arjuna: Me Littattafan Hindu Suka Ce Game da Wajibi, Ruhi da Bauta?

Kusan dukkan mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi Musulmi ne, daidai da abin da ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna, cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulunci suke bi. Duk da haka addinin Hindu ba baƙo ba ne a idon matasan yankin. Suna ganinsa a finafinan Indiya: ango da amarya na zagaya wuta, uwa na tsaye gaban gunki tana kuka, jarumin da aka kashe ya sake dawowa duniya cikin wani jiki don ɗaukar fansa. Hotunan sun yawaita, bayaninsu ne ya yi ƙaranci.

Ƙarancin bayanin ya haifar da ra'ayoyi biyu. Wasu na ganin addinin Hindu bai wuce bautar saniya da gumaka da tsafi ba. Wasu kuma, musamman masu bin shafukan sada zumunta, na cewa ai duk addinai magana ɗaya suke yi, sunaye ne kawai suka bambanta. Duka ra'ayoyin biyu sun saɓa wa abin da ke rubuce a littattafan Hindu. Wannan sharhi zai duba mafi shahara daga cikinsu, wato Bagawad Gita, da tambayoyi uku da ya ginu a kansu: mene ne wajibin mutum, mene ne ruhinsa, kuma ta yaya zai bauta wa abin bautarsa.

Yadda Indiya ta iso Tasawa da Mayahi

Tun daga shekarun 1950 ƴan kasuwa ƴan asalin Labanan da ke riƙe da gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya Kano. Fim ɗin Mother India na 1957 ya daɗe yana cika gidajen kallo a ƙasar Hausa. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi nazarin dalilin wannan karɓuwa: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani a gidansu. Har ta kai wasu masu begen Annabi a Kano suna ɗora yabo a kan karin waƙoƙin Indiya da kiɗan bandiri.

Daga sinima aka koma kaset, daga kaset zuwa faifai, yanzu kuma waya. Kamfanonin fassara na Kano irin su Algaita sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausa, masu tura fim a kasuwanni da ƴan ci-rani da ke dawowa daga Katsina da Kano suna yaɗa su har ƙauyukan Korgom da Maijirgi da Kanambakashe, a kalla a fada ana shan shayi. Mai fassara kuwa nishaɗi ya sa a gaba. Sau da yawa yakan sauya kalmomin addinin Hindu da waɗanda kunnen Musulmi ya saba da su, mai kallo ya ɗauka ma'anarsu ɗaya.

Hulɗar ba ta tsaya a fim ba. Kamfanin Bharti Airtel na Indiya ya shigo Nijar a 2010 bayan ya sayi Zain, babura ƙirar Bajaj da TVS sun cika hannun ƴan kabu-kabu, Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2009, kuma a watan Janairun 2020 aka buɗe babbar cibiyar taro mai sunan Mahatma Gandhi a birnin. Marasa lafiya da ɗalibai da ƴan kasuwa na zuwa Indiya. Sanin abin da mutanenta suka yi imani da shi ya zama buƙata.

Littattafan Hindu da matsayin Gita a cikinsu

Addinin Hindu ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi ɗaya tilo, kuma ba shi da kalma guda da kowane mabiyi zai furta don shiga. Tarin mazhabobi ne da suka girma tare cikin shekaru fiye da 3000. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mabiyansa kimanin miliyan 966 ne, kusan kashi 80 cikin 100 na ƴan ƙasar, Musulmi kuma kimanin miliyan 172.

Sun kasa littattafansu gida biyu. Kashin farko suna kiransa shuruti, wato abin da magabata suka ji suka isar. A nan ne Weda huɗu suke: Rig, Sama, Yajur da Atarwa, cikin tsohon harshen Sanskirit. A ƙarshensu akwai Upanishad, littattafan zurfin tunani da ke tafiya bisa tsarin almajiri ya yi tambaya, malami ya amsa. A cikin Kata Upanishad, alal misali, wani yaro mai suna Nachiketa ne ya tsare Yama, ubangidan mutuwa a aƙidarsu, yana neman sanin makomar mutum bayan ya mutu, ya kuma ƙi karɓar dukiya da tsawon rai a madadin amsar.

Kashi na biyu shi ne simiriti, abin da aka kiyaye aka riwaito. Ya ƙunshi manyan ƙissoshi biyu, Ramayana da Mahabarata, da littattafan Purana. Mahabarata na da baiti kusan 100,000 a juzu'i 18. Bagawad Gita, wato waƙar Ubangiji a ma'anarsu, wani ɗan yanki ne na juzu'i na 6: babi 18, baiti 700. Yawancin masana tarihi na ganin an tsara shi tsakanin ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarni na 2 bayanta. A 1785 Charles Wilkins ya fassara shi zuwa Ingilishi, Émile Burnouf kuma zuwa Faransanci a 1861.

Mai tambaya a filin daga

Ƙissar ta rikicin gadon sarauta ce tsakanin ƴaƴan wa da ƙane: Pandawa su 5, Kaurawa su 100. Kaurawa sun cinye mulkin ƴan'uwansu a caca ta hanyar maguɗi, suka tura su gudun hijira shekara 13, da suka dawo kuma aka hana su haƙƙinsu. Sulhu ya faskara, rundunoni biyu suka ja daga a Kurukshetra, wani fili da ke jihar Haryana ta yanzu.

Arjuna, gwanin baka na Pandawa, ya ce wa mai jan karusarsa, Kirishna, ya kai shi tsakiyar fili. Da ya duba sahun abokan gaba sai ya ga kakansa Bishma, da malaminsa Dorona, da ƴan'uwansa na jini. Jikinsa ya mutu, baka ya suɓuce daga hannunsa, ya ce ba zai yi yaƙin ba. Hujjarsa ita ce mulkin da aka samu da jinin dangi ba shi da albarka, kuma idan mazan zuriya suka ƙare, tarbiyyar gidaje za ta rushe. Sauran littafin amsar Kirishna ce, wanda mabiya suka ɗauka shi ne Wishnu, abin bautarsu, ya sauko cikin siffar ɗan Adam. Wannan saukowa ita ake kira awatara.

Tambaya ta farko: darma, wajibin da ke wuyan mutum

Darma na nufin tsarin da ke riƙe da duniya, da haƙƙin da wannan tsari ya ɗora wa kowane mutum gwargwadon matsayinsa. Akwai darma na kowa da kowa, kamar gaskiya da haƙuri da kame kai daga cutarwa. Akwai kuma na mutum shi kaɗai, swadarma, wanda ya danganta da shekarunsa da ajin da yake ciki. Ajujuwan, da ake kira warna, huɗu ne: Barahimawa masu ilimi da jagorancin ibada, Kashatriya masu mulki da yaƙi, Waishiya manoma da ƴan kasuwa, sai Shudra masu hidima. Arjuna Bakashatriye ne, don haka Kirishna ya nuna masa cewa tsayawa a yaƙin ƙwato haƙƙi wajibinsa ne, gudu kuma zunubi ne da abin kunya.

Sai dai Kirishna bai tsaya a nan ba, kuma abin da ya ƙara shi ya ɗaukaka littafin. A lokacin akwai masu ganin tsira tana cikin barin duniya gaba ɗaya, mutum ya shiga daji ya daina aiki. Gita ya ce babu mai rai da zai iya zama ba ya aiki ko na ƙiftawar ido. Abin da ke ɗaure mutum shi ne kwaɗayin sakamako, saboda haka ya yi aikinsa da kyau, ya cire ransa daga abin da aikin zai haifar, nasara da faɗuwa su zama daidai a zuciyarsa. Wannan hanya ita ce karma yoga. Manomin Gulbin Kaba ya san wani abu mai kama da haka: shuka da noma da maimai suna hannunsa, ruwan sama ba ya hannunsa, kuma rashin tabbacin damina bai taɓa zama dalilin barin gona ba.

Musulmi zai ji ƙamshin ikhlasi da tawakkali a wannan koyarwa, kuma kamannin na gaske ne ta fuskar tarbiyyar zuciya. Bambancin yana wajen manufa. Musulmi na aiki yana fatan lada da yardar Allah a lahira. Mai bin Gita na neman kuɓuta daga lada da zunubi duka biyun, domin a aƙidarsa ko lada ma igiya ce da ke sake jawo shi duniya.

Batun aji ma ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar Hausa, inda maƙera da wanzamai da mahauta da dukawa ke gadon sana'a, har yau kuma ana samun gidajen da ke duba asali kafin ba da aure. Masanin Faransa Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a yankin Maraɗi, ya nuna yadda zuriyoyin Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya, ke haɗa gadon sana'a da gadon tsafin gida. Amma fifikon asali a ƙasar Hausa al'ada ce da Musulunci ke yi wa wa'azi, kuma a masallaci sahu ɗaya ake tsayawa. A Indiya an jingina tsarin da nassi, ya kuma bar miliyoyin mutane, waɗanda a yau ake kira Dalit, a wajen ajujuwan huɗu, ana ƙyamar ko taɓa su. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama, ko da yake ba ta gushe daga zamantakewa ba.

Tambaya ta biyu: atman, haƙiƙanin mutum

Amsar farko da Kirishna ya bai wa Arjuna ita ce yana kukan abin da bai cancanci kuka ba. A koyarwar Gita, jiki ne ke mutuwa. Haƙiƙanin mutum, wato atman, ba a haife shi ba kuma ba ya mutuwa, makami ba ya yankarsa, wuta ba ta ƙona shi. Idan jiki ya tsufa yakan bar shi ya shiga wani, yadda ake tuɓe tsohuwar tufa a sa sabuwa. Wannan kewayen haihuwa da mutuwa shi ne samsara. Abin da ke yanke irin jikin da za a shiga shi ne karma, wato aiki tare da tasirin da yake bari. Babban buri shi ne moksha, fita daga kewayen baki ɗaya.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da finafinai suka dasa. A Karan Arjun na 1995 da Om Shanti Om na 2007, dawowa duniya wata dama ce ta ɗaukar fansa da cika burin soyayya. A littattafan kuwa dawowar wahala ce, mai hankali neman tsira daga gare ta yake yi.

Bahaushe na da kalmomi uku da ake yawan cuɗanyawa da atman. Rai shi ne abin da fitarsa ke nufin mutuwa. Kurwa, a tsohon tunanin Hausawa, ita ce take yawo a mafarki, ita ce kuma ake cewa maye na kamawa. Ruhi kalmar Larabci ce da Musulunci ya kawo. Akwai kuma camfin ɗan wabi, yaron da ake zaton yana mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya. Wabi ya ɗan yi kama da samsara, amma ya taƙaita ga wasu yara ne, kuma ba a danganta shi da sakamakon aikin da yaron ya yi.

A aƙidar Musulunci ruhi halitta ne, yana da farko, kuma aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta nuna saninsa na Allah ne, ɗan Adam kaɗan aka sanar da shi. Rayuwar duniya sau ɗaya ce, daga ita sai barzahu, sai tashin ƙiyama da hisabi. Malamai sun san aƙidar komowar rayuka tun da daɗewa, suna kiranta tanasuhi, kuma sun haɗu a kan ta saɓa wa Musulunci. Haka nan kalmar karma da matasa ke rubutawa a Facebook da WhatsApp idan azzalumi ya faɗa rami, suna nufin alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Ma'anarta ta asali ta fi haka faɗi: doka ce da ke bin mutum daga rayuwa zuwa rayuwa, har takan zama bayanin dalilin da ya sa aka haifi wani a gidan sarauta, wani kuma a gidan talauci ko da nakasa.

Tambaya ta uku: bakti, bauta ta ƙauna

Gita ya ambaci hanyoyi uku na tsira: ta aiki, ta sani da ake kira jinana yoga, da ta ƙauna da miƙa wuya, wato bakti yoga. Yoga a nan na nufin horon kai bisa wata hanya. Motsa jikin da aka sani da wannan suna, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni tun daga 2015, reshe ne ƙarami da ya bunƙasa daga baya.

A babi na 11 Arjuna ya roƙi Kirishna ya nuna masa ainihin siffarsa. Ya ga halitta duka a jiki ɗaya, ya ga mayaƙan ɓangarorin biyu na faɗawa cikin bakunan halaka, tsoro ya kama shi har ya nemi gafarar wasan da ya riƙa yi da Kirishna a matsayin aboki. Babi na 12 ya fifita mai bauta da ƙauna, ya siffanta shi da rashin ƙiyayya, da tausayi, da yafiya, da wadatar zuci. Babi na 9 ya ce ko ganye ko fure ko ruwa aka miƙa da zuciya ɗaya karɓaɓɓe ne, kuma ƙofar a buɗe take ga mata da ƙananan ajujuwa. A babi na 18 Kirishna ya rufe da kiran Arjuna ya dogara gare shi shi kaɗai, shi zai kuɓutar da shi daga zunubi. Ya kuma bar masa zaɓi, Arjuna ya ɗauki bakansa.

Wannan koyarwa ta haifar da gagarumin yunƙuri. Daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 9 mawaƙan Tamil na kudancin Indiya, Alwar su 12 da Nayanar su 63, suka riƙa yabon abin bautarsu da harshen talakawa. Daga baya aka sami Kabir, masaƙi a Banaras da ya tashi a gidan Musulmi, da Rawidas wanda baduku ne, da gimbiya Mirabai. Littafin Bagawata Purana ya lissafa nau'o'in bakti 9, daga sauraro da ambato da tunawa har zuwa sallama kai ɗungurungum.

Wanda ya san zikirin Tijjaniyya da Ƙadiriyya, ko ya ji labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra da bautarta ta tsantsar ƙauna, zai ga kamanni a ambato da carbi da shauƙi. Iyakar ita ce wanda ake bauta wa. Musulunci ya kore wa Allah haihuwa da kama da shiga jikin halitta, abin da malaman tauhidi ke kira hululi. Bakti kuwa a mafi yawan mazhabobinsa ya ginu ne a kan abin bauta mai sauka cikin jiki, wanda ake kusanta ta hanyar murti, wato siffar da aka sassaƙa aka keɓe don ibada.

Saɓanin da ke tsakanin malaman Hindu

Su kansu Hindu ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Shankara, wanda ya rayu a wajen ƙarni na 8, ya ce atman da Barahman, wato haƙiƙa maɗaukakiya, abu ɗaya ne, ganin bambanci jahilci ne, sani kuma shi ke kuɓutarwa. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ce rayuka na gaske ne, suna dogare da Ubangiji kamar yadda jiki ke dogare da rai, tsira kuma tana cikin bakti. Madwa, a ƙarni na 13, ya ce Ubangiji daban, rai daban, har abada. Kan gumaka ma akwai saɓani. Ram Mohan Roy, wanda ya kafa Brahmo Samaj a 1828, ya rubuta littafi da Farisanci mai suna Tuhfatul Muwahhidin yana kare kaɗaita Ubangiji, ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda ya kafa a 1875 ita ma ta yi watsi da bautar siffofi.

A zamanin gwagwarmaya da mulkin Ingila, Gita ya shiga siyasa. Bal Gangadhar Tilak ya rubuta sharhinsa a kurkukun Mandalay, aka buga a 1915, yana kiran mutane su tashi su yi aiki. Gandhi ya ɗauki yaƙin a matsayin misalin kokawar da ke cikin zuciyar ɗan Adam, ya fitar da darasin ƙin zubar da jini. Nathuram Godse, wanda ya harbe Gandhi ranar 30 ga Janairun 1948, shi ma da ƙissar Kirishna da Arjuna ya kafa hujja. Shi kuwa B. R. Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya soki littafin da cewa kariya ce ga tsarin ajujuwa, a 1956 kuma ya koma addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

Yadda malaman Musulunci suka kalli lamarin

Nazarin addinin Hindu tsohon aiki ne a wajen Musulmi. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafinsa kan Indiya a wajen 1030, inda ya kawo sassa na Gita da Larabci. Ya bayyana cewa manufarsa ita ce kawo maganar mutanen yadda take. Ya lura masu iliminsu na magana a kan Ubangiji ɗaya marar farko, jama'a kuma na riƙe da gumaka, sannan ya ɗauki tanasuhi a matsayin babbar alamar addininsu. Shaharastani ma ya ware musu babi a Al-Milal wan-Nihal.

A daular Mugal, Sarki Akbar ya sa an fassara Mahabarata zuwa Farisanci a shekarun 1580 da sunan Razmnama. Yarima Dara Shiko ya rubuta Majma'ul Bahraini a 1655 yana neman daidaita Sufanci da tunanin Hindu, a 1657 kuma ya fassara Upanishad kusan 50. A 1659 ɗan'uwansa Aurangzeb ya sa aka kashe shi bisa tuhumar ridda, bayan ya kayar da shi a rikicin gadon sarauta. Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya yi kakkausan raddi ga masu daidaita Rama, abin bautar Hindu, da Rahamanu. Mirza Mazhar Jan-i Janan, Banaƙshabande, wanda ya rasu a 1781, ya fi sassauci, yana ganin mai yiwuwa asalin Weda saƙo ne da aka shafe hukuncinsa.

Ta fuskar fiƙihu, jumhurun malamai ba su sa Hindu cikin Ahlul Kitabi ba, don haka ba a aurensu, ba a cin yankansu. Amma tun da Muhammad bin Ƙasim ya ci Sind a wajen 712 aka ba su amana, mazhabobin Malikiyya da Hanafiyya kuma sun yarda da irin wannan zama. Taka-tsantsan da malaman ƙasar Hausa ke yi yana da nasa tushe: a Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ware masu gauraya Musulunci da al'adun tsafi a matsayin rukuni na musamman, kuma muhawara kan bori ba ta mutu ba a jihar Maraɗi.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka bar ruɗanin yadda yake, illa ta farko ita ce cuɗanyar aƙida ba da sani ba, yaro ya taso yana zaton dawowa duniya wani abu ne da addininsa ya yarda da shi. Ta biyu ita ce damfara. An daɗe ana ɗaukar Indiya gidan tsafi a Afirka ta Yamma, har da tatsuniyar wasan ƙwallon da wai ta ci Najeriya 99 da 1, wasan da ba a taɓa bugawa ba, kuma masu sayar da abin da suke kira asirin Indiya na cin kasuwa a kan wannan zato. Ta uku ita ce ƙiyayya ta jimla. Rusa masallacin Babri a Indiya ranar 6 ga Disamban 1992 da kashe-kashen Gujarat na 2002 abubuwa ne da suka faru, kuma suna da alaƙa da aƙidar siyasa ta Hindutwa, wadda Sawarkar ya tsara a littafinsa na 1923. Ɗora laifin a kan kowane Bahindu zalunci ne irin wanda Musulmi ke kuka da shi idan aka jingina musu ta'addanci. A Indiyar ce kuma Musulmi, Rahi Masoom Raza, ya rubuta zantukan shirin talabijin na Mahabharat da aka fara nunawa a 1988.

Addinin ma ya matso kusa. A 1975 Swami Ghanananda, ɗan Gana, ya kafa gidan ibadar Hindu na ƴan Afirka a Akara, ƙungiyar Hare Kirishna da aka kafa a Amurka a 1966 kuma tana da rassa a kudancin Najeriya. Ɗan ci-rani daga Mayahi ko Tasawa na iya haɗuwa da su a Legas, ya kuma ji tambayoyin da ba a taɓa yi masa a gida ba.

Kammalawa

Gita da Musulunci sun yi kusa a tarbiyyar aiki: tsarkake niyya, danne son rai, tsayawa kan wajibi ko da ya yi ɗaci. Sun rabu rabuwa ta asali a kan abubuwa uku: ko ruhi halitta ne ko marar farko, ko rayuwa ɗaya ce ko masu yawa, ko abin bauta na shiga jikin halitta ko ya tsarkaka daga haka. Wanda ya riƙe waɗannan ukun zai iya kallon fim, ya yi ciniki, ya yi jinya a Delhi, ba tare da ya ruɗe ko ya ci mutuncin kowa ba.

Aikin da ya rage na masu ilimi ne. Masu fassarar fim su bar kalmomin addinin Hindu da sunayensu maimakon lulluɓe su da na Musulunci. Gidajen rediyon gari da malaman islamiyya su amsa tambayoyin matasa da hujja, ba da tsawa kaɗai ba. Malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da Jami'ar Musulunci ta Say kuma su samar da rubutu da Hausa kan addinan duniya, bisa ƙa'idar da al-Biruni ya bi kusan shekara 1000 da suka wuce: a fara kawo maganar mutum daidai yadda ya faɗe ta, kafin a ce an yarda ko ba a yarda ba.